Godiya bayan wata 20 da ciwon da hoto bai nuna ba

Alhamdulillahi. Yau kwana 40 ke nan rabona da maganin ciwon kai, kuma makon jiya na koma bakin aiki. Na daɗe ina son rubuta wannan godiya, sai dai idona bai fara jure hasken waya ba sai kwanan nan.

Da yawanku kun san haɗarin. Mota ce ta buge mu ta baya, kaina ya fizga ya bugi ƙarfen ƙofa, na suma na ɗan lokaci. A asibiti aka auna ni da ma'aunin Glasgow na gwada yadda mutum yake cikin hayyacinsa, wanda ke tashi daga 3 zuwa 15, na samu 14. Hoton CT bai nuna jini ko tsagewa ba. Aka ce rauni ne mai sauƙi, yawancin mutane kan warware cikin 'yan makonni. Allah bai sa ina cikinsu ba. Ciwon kai ya riƙa tasowa daga ƙeya ya zo ya tsaya a bayan idona na dama. In na juya a kan matashi cikin dare, sai ɗakin ya kama juyawa da ni. Shafi guda sai in karanta shi sau uku ban riƙe komai ba.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take. Da hoton MRI shi ma ya fito ƙalau, ba ta ce da ni tunani ne ke damuna ba. Ta bayyana mini cewa irin wannan girgizar ƙwaƙwalwa sau da yawa ba ta fitowa a hoto. Ita ce kuma ta lura cewa in aka kira ni daga gefe, da dukan jikina nake juyowa. Ta ce ƙarfin da ya girgiza ƙwaƙwalwar ai ta wuya ya bi. Sai da aka ɗauki hoton wuyan aka tabbatar babu karaya ko gocewa, sannan ta amince in ga likitan kairofiraktik, masu gyaran ƙashin baya da na wuya da hannu.

Gaskiya da tsoro na je. Na karanta cewa D. D. Palmer ne ya fara wannan sana'a a 1895 a garin Davenport na Amurka, kuma har yau akwai masu yin ta da ke alƙawarin warkar da kowace cuta. Wanda Allah ya haɗa ni da shi ba haka yake ba. Ranar farko tambayoyi ya yi ta yi mini, ya karanta takardun asibiti ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya sa babban yatsansa a ƙasan ƙeyata ta dama ya danna a hankali, sai ga ciwon nan da na sani ya taso har bayan ido. Hawaye suka zubo mini, domin tun ranar haɗarin ba a taɓa samun wanda ya taɓa inda ciwon yake ba.

Ya ce ƙasusuwan wuya 7 ne, kuma jijiyoyin da ke fitowa ta wajen ukun sama suna haɗa hanya da jijiyar da ke ɗauko saƙon ciwo daga fuska da goshi, shi ya sa wuya kan yi ciwo mutum ya ji shi a kai. Sai ya dube ni ya ce: "Malam, ni ba zan gyara maka ƙwaƙwalwa ba. Wuya zan yi wa aiki, kada ka daina ganin likitarka." Bai kuma ɓoye mini ba cewa murɗa wuya da ƙarfi, ko da yake ba kasafai ba, yana iya taɓa jijiyar jinin da ke ratsa ƙashin wuya zuwa ƙwaƙwalwa har a samu shanyewar ɓarin jiki. Don haka bai taɓa fizgar wuyana ba. Motsa gaɓoɓin yake a hankali, ya sassauta naman da ya ɗaure, ya ba ni atisayen da zan yi a gida. A ganina wannan gaskiyar da ya faɗa ta fi komai sa ni sakin jiki da shi.

Hajijiyar dare kuwa ashe daga kunne take. Wasu 'yan mitsi-mitsin tsakuwoyi ne da ke can cikin kunne bugun ya gusar daga mazauninsu. Ya kwantar da ni ya jujjuya kaina bisa tsarin da ake kira Epley, zama biyu, ɗakin ya daina juyawa. Likita, Allah ya saka maka da alheri, ya albarkaci hannunka.

Ban warke duka ba. Har yanzu hayaniya na gajiyar da ni, mantuwa ma ba ta gama tafiya ba, kuma ina ci gaba da ganin likitar ƙwaƙwalwa.

Uwargida, ke kika kwana zaune, ke kika sa labule mai kauri a taga, kika koya wa yara yin magana ƙasa-ƙasa. Kin sha faɗan da ba ki ji ba ki gani ba, ba ki taɓa ramawa ba. Ba ni da bakin gode miki. Yaya, kai ka yi ta kai ni kana dawo da ni lokacin da ba na iya tuƙi. Umma, addu'arki ba ta faɗi ƙasa ba. Abokan aikina da suka rarraba aikina a tsakaninsu, da duk wanda ya zo dubiya ko ya bugo waya ban iya ɗauka ba, na gode, na gode ƙwarai.

Wanda na ɗaga wa murya a watannin nan, don Allah ya yafe mini. Wata mai zuwa za a sake gwada ƙarfin ƙwaƙwalwata wajen riƙe abu, ina roƙon ku sa ni a addu'a.