Talata, 5 ga Yuni 2018: ƙuri'ata a kan alƙali Persky

Bayan sahur da sallar asuba barci ya ƙi zuwa. Na zauna a kicin da samfurin takardar zaɓen da aka aiko mana ta gidan waya. Gwamna, sanata da sauransu duk na gama yanke shawara tun makon jiya. Layi ɗaya ya rage: a tsige alƙali Aaron Persky na babbar kotun gundumarmu ta Santa Clara, ko a bar shi?

Shekarata goma sha ɗaya a San Jose, har yau ban saba da zaɓen alƙali ba. A gida Najeriya gwamna ne ke naɗa alƙalin babbar kotun jiha bisa shawarar majalisar harkokin shari'a ta ƙasa, talaka ba ruwansa. A Kalifoniya kuwa wa'adin irin wannan alƙali shekara shida ne, sai ya koma gaban masu ƙuri'a. Persky ma ta ƙofar zaɓe ya fara nema. Lauyan gwamnati ne mai gurfanar da masu laifi, har da masu fyaɗe. Ya tsaya takarar alƙalanci a 2002 ya faɗi, a 2003 gwamna Gray Davis ya naɗa shi. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba sai Yunin 2016, lokacin da ya yanke wa Brock Turner, ɗalibin jami'ar Stanford, wata shida a kurkukun gunduma bisa laifin cin zarafin wata yarinya ta hanyar lalata.

Wata shida! Yarinya ba ta cikin hayyacinta, a bayan kwandon shara, sai da wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin da ke wucewa a kan keke suka kama shi. Masu gabatar da ƙara shekara shida suka nema. Wata uku ya yi aka sake shi. Ranar da na karanta wasiƙar da yarinyar ta karanta a kotu, a cikin mota na yi kuka kafin in iya shiga wurin aiki. Kuma a wannan shekarar ta 2016 aka sabunta wa Persky wa'adi, don babu wanda ya fito ya kara da shi.

Baban yara ya fito da shirin aiki ya same ni a wurin. Ya ce, "Maman Ummi, wai har yanzu tunani kike? 'Yarki fa baɗi za ta tafi jami'a." Na ce na sani, Alhaji, amma muna da ɗa namiji kuma, baƙar fata ne, shekararsa sha biyar. Ya yi shiru, ya ɗauki makullinsa. Shi dai "e" zai zaɓa, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai, ba na tantama. Amma bai saɓa wa dokar lokacin ba, jami'ar kotu mai duba halin mai laifi ma ɗaurin ɗan lokaci ta ba da shawara, hukumar ladabtar da alƙalai ta bincika a ƙarshen 2016 ta ce ba ta ga son kai ba. Dokar kuma an riga an gyara ta, gwamna Jerry Brown ya sa hannu, yanzu wanda ya yi wa wadda ba ta cikin hayyacinta haka dole ya tafi gidan yari. To in aka tsige shi yau, me sauran alƙalai za su koya? Za su koyi cewa sassauci na iya raba mutum da kujerarsa, tsanani kuwa ba ya raba shi. Kuma waɗanda ke cika kotunan nan kullum ba 'yan Stanford ba ne. 'Ya'yan baƙaƙe ne da 'ya'yan 'yan Meziko, masu lauyan da gwamnati ke ba su kyauta. LaDoris Cordell, tsohuwar alƙaliya baƙar fata, ita ce ta fi kowa nanata wannan, kuma ta ratsa ni fiye da Farfesa Michele Dauber mai jagorantar tsigewar, duk da ina girmama jajircewarta.

Da la'asar na tashi aiki na biya rumfar zaɓe. Layi bai yi tsawo ba. Na daɗe a tsaye da alƙalami a hannu, yarinyar nan tana raina, sannan na cike "a'a". A ƙasa, inda ake zaɓar magaji ko da an tsige shi, na zaɓi Cindy Hendrickson.

An rufe rumfuna ƙarfe takwas, muka sha ruwa bayan nan kaɗan. Ina zuba kunu Ummi ta ɗago waya ta ce, "Mama, wajen kashi 60 cikin ɗari sun ce a cire shi." Rabon da a tsige alƙali ta irin wannan ƙuri'a a jihar nan tun 1932. Ta tambaye ni me na zaɓa, na gaya mata gaskiya. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta tashi ta shiga ɗaki ba ta gama cin ƙosanta ba.

Ban bi su tarawihi ba. Na rufe mata abincin, na je na ƙwanƙwasa ƙofarta. Ta ce, "Gobe, Mama." Na ce Allah ya kai mu.