Daga Ƙarƙashin Teku Zuwa Allon Waya

Aikina na asali shi ne auna lafiyar murjani, wata halittar teku da ƙashinta ke taruwa ya zama dutse a ƙarƙashin ruwa. Mukan shimfiɗa igiyar awo mai tsawon mita 50 a kan dutsen murjani, mu bi ta muna ɗaukar hoto daki-daki, daga baya mu zauna gaban kwamfuta mu lissafa kashi nawa ne mai rai, nawa ya yi fari, nawa gansakuka ta rufe. Sakamakon yakan ƙare a mujallar kimiyya da mu ya mu muke karantawa. Mai kafa doka ba ya ganin ta, masunci ma haka. Shi ya sa na haɗa binciken da aikin bidiyo da rediyo, tunda gani ya kori ji. Hanyar ba sabuwa ba ce. Jacques Cousteau, wanda shi da Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi ta masu nutso a 1943, da fim ya shigar da teku gidajen mutane. Sylvia Earle kuwa, wadda ta zama babbar masaniyar kimiyya ta NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, a 1990, ta kafa ƙungiyar kare teku ta Mission Blue a 2009 don wayar da kan jama'a.

Ruwa cinye launi yake yi. Ja ne ke fara ɓacewa, tun a zurfin mita 5 ko kusa da haka. Launin ruwan lemo ya bi shi wajen mita 10, rawaya wajen mita 20, sai a bar ka da shuɗi zalla. Don haka ina sauka da ƙaramin farin allo na roba, duk lokacin da zurfi ya canza in nuna wa kyamara shi ta daidaita farinta. Fitilu biyu nake amfani da su, a kan dogayen hannuwa, a karkace zuwa waje kaɗan. In suka matso kusa da idon kyamara, hasken zai bugi ƙananan tarkacen da ke yawo a ruwa ya dawo, hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige. Zuƙowa daga nesa ba ta da amfani, sai dai ka matsa da jikinka, ƙasa da mita 1. Kuma komai yakan ƙara girma a ido da kusan kashi 1 cikin 3, saboda haka in hoton na hujja ne, sai an sa abin awo a cikinsa.

Akwatin da ke kare kyamara daga ruwa, ransa yana ga wani siririn zoben roba da ke bakin murfin. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ya isa ya buɗe wa ruwan gishiri hanya. Ana cire zoben, a goge shi da ramin da yake zama, a shafa masa man silikon ɗan kaɗan. In man ya yi yawa, yashi yake kamawa. A rufe akwatin a wuri mai sanyi da bushewa, a jefa ƙullin sinadari mai shan laima a ciki, in ba haka ba gilashin zai yi gumi da zarar an shiga ruwa mai sanyi.

Kyamara tana ɗauke hankali, kuma a nan haɗarin yake. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama sau 2, a mita 30 sau 4, iskar tukunyar numfashi kuma haka take ƙarewa da sauri. Ba na nutso da kyamara sai da abokin da aikinsa kawai duba agogo da ma'aunin iska. Tukunyar da aka cika zuwa "bar" 200 (awon matsin iska ke nan), mu fito da "bar" 50 a cikinta, mu tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin mu ɓullo, kuma bayan nutso da yawa babu hawa jirgin sama sai an yi awa 18. Wanda bai iya tsayuwa cak a tsakiyar ruwa ba, kada ya riƙe kyamara tukuna: bugu ɗaya na takalmin iyo yana karya abin da ya yi shekaru yana girma, domin manyan murjani masu dunƙule wajen santimita 1 suke ƙarawa a shekara.

Duk wannan ana koyon sa da yawan yi. Ba a nan gizo yake saƙar ba. Matsalar ita ce kyamara tana son abin da ke da kyan gani ko ban tausayi, ba abin da ya fi ɓarna ba.

Ɗauki farin murjani. Murjani dabba ce, a cikin jikinta akwai ƙananan tsirrai da ke ba ta abinci da launi. In zafin ruwa ya haura abin da aka saba a lokacin zafi da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni, sai ta fitar da su, farin ƙashinta ya bayyana. A allo wannan yakan fito tas, fari fat cikin shuɗin ruwa, mai kallo ya ce ma sha Allah. Hoto ɗaya ba ya isar da saƙon. Sai an kafa alama a wurin, a ɗauka daga kusurwa ɗaya kafin farin, da lokacinsa, da bayan watanni in gansakuka mai ruwan ƙasa ta lulluɓe gawar. Kuma ba na yarda edita ya rubuta "ya mutu" a kan murjanin da ya yi fari kawai. Yana raye, yunwa yake ji, in ruwa ya huce da wuri yana iya farfaɗowa. Babban dutsen murjani na Ostareliya ya yi wannan fari a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Jera shekarun nan kaɗai ya fi kowace kalmar tsoratarwa ƙarfi, mai sauraro da kansa zai ga yadda tazarar ke raguwa.

A 2015 masaniyar halittun teku Christine Figgener ta ɗauki bidiyon wani kunkurun teku a Kosta Rika ana ciro masa tsinken roba na shan lemo daga hanci. Miliyoyi suka kalla, garuruwa da kamfanoni suka shiga hana tsinken. Aiki ne mai kyau. Amma binciken da aka wallafa a 2018 kan tarin sharar da ke yawo a arewacin tekun Fasifik ya nuna kashi 46 cikin 100 na nauyinta komar kamun kifi ce da aka yasar. Zafin da teku ke shanyewa kuwa, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin duniya, ba shi da fuskar da za a ɗauka. Don haka nakan buɗe shiri da dabbar da ke jan ido, sannan in kai mai kallo ga abin da alƙaluma suka nuna. Magana ɗaya a kowane shiri, adadi ɗaya ko biyu, kowanne da takardar da ya fito a ajiye kusa, kuma wani masanin da ba ya cikin aikin ya duba rubutun kafin a naɗi murya.

Masunta ba na sa su a matsayin masu laifi, na kuma fi son su yi magana da bakinsu. A Cabo Pulmo ta ƙasar Meziko, iyalan masunta ne suka nemi a killace yankin, aka yi hakan a 1995, kuma tsakanin 1999 da 2009 nauyin kifin wurin ya ƙaru da fiye da kashi 460 cikin 100. Irin wannan labarin ya fi sa mutum motsi a kan hoton gawar kifi, a ganina, domin yana nuna abin da za a iya yi. Duk wanda na ɗauka, sai ya ga shirin kafin ya fita.

Kafin in ɗora hoto a intanet, ina goge bayanan wurin da kyamara ko waya ke liƙa masa, in kuma yanke duk wani tsauni ko hasumiyar gaɓa da za a gane. Wurin da kifaye ke taruwa don hayayyafa, ko gaɓar da kunkuru ke saka ƙwai, in aka bayyana shi, masu kamun ɓoye sukan riga masu gadi isa.