Shekara uku ina tofar da jini ban kula ba

Kusan shekara uku kenan duk safiya sai na ga jini a buroshi, in tofar in kurkure baki in wuce kasuwa abina, tunda ba ya zafi ai ban ɗauke shi ciwo ba. In dasashin ya kumbura sai ruwan ɗumi da gishiri, ko in tauna kanumfari, in abin ya ƙi in leƙa kemis a ba ni Flagyl, kwana biyu ya lafa shikenan na manta. Uwargida ce ma ta fara min maganar warin baki cikin dabara, wai "Maigida, ko makilin ɗin nan za a canza ne?" Wallahi na ji kunya, amma asibiti ko hanya.

Sai ranar da na gatsa rake na ji haƙorina na ƙasa yana girgiɗi. Da na je asibitin haƙori, likitar ta zura wani siririn ƙarfe mai zane kamar rula tsakanin haƙori da dasashi, ta ce mai lafiya zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne, nawa ya kai 7. Da aka ɗauki hoto ta nuna min yadda ƙashin da ke riƙe haƙorin ya zaizaye, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa da kansa. Flagyl ɗin da nake sha kumburi kawai yake kwantarwa, dattin da ya daskare kamar dutse a gindin haƙori yana nan, sai an kankare shi.

Abinda ya fi kaɗa ni, tambayata ta yi, "Malam, yaushe rabonka da gwajin suga?" Na je na yi, ya hau ban sani ba. Ashe su biyun taimakon juna suke, suga na sa dasashi ya ƙi warkewa, ciwon dasashin kuma na hana sugan sauka. Ta ce ƙwayoyin cutar dasashin na iya bin jini, an ga alaƙarsu da ciwon zuciya, masu ciki ma ana jiye musu haihuwar bakwaini.

Zama biyu aka yi ana wankin haƙoran, ɗaya dai bai tsira ba aka cire. Yanzu buroshi safe da dare, asuwaki a tsakani, duk wata 6 ina komawa. Jinin ya tsaya. Rake kuwa sai yara sun yayyanka min ƙanana, suna yi suna dariyar giɓina.