Sana'ar bin salsala a laburaren gundumar Allen

In dai ba ƙanƙara ce ta rufe hanya ba, ana buɗe babban laburaren gundumar Allen da ke garin Fort Wayne a jihar Indiyana za ka tarar da ni a bakin ƙofa da jakata, in haye sama inda sashen tarihin zuri'a yake. Nan ne shagona na ainihi, don ofis ɗin namu ɗan ɗaki ne kawai, ni da yarinyar da ke buga mana rubutu sai wani matashi mai yin sikanin. Aikinmu bin salsala, mutum ya zo ya ce ga sunan kakata ban san komai daga nan ba, mu kuma mu bi takardu baya baya har inda takarda ta ƙare, mu haɗa masa littafi a ɗaure. Yawancin kwastomominmu baƙaƙen fata ne 'yan Amurka, sai jefi-jefi jikokin Jamusawa, da yake garin nan Jamusawa sun zauna shi sosai tun da can.

Wannan laburare ba irin wanda kuka sani ba ne, na gunduma ne fa amma a duk Amurka babu laburaren gwamnati da ya kai shi tara kayan tarihin zuri'a, wanda ya fi shi sai na Salt Lake City, shi kuwa na cocin Momon ne. Wani shugaban laburaren mai suna Fred Reynolds ne ya kafa sashen a 1961, yau abin da ke ciki ya haura miliyan ɗaya tsakanin littattafai da maikurofim, wato hotunan takardu da aka ƙanƙanta a kan fim, da mujallu. Akwai tarihin gundumomi na kusan ko'ina a ƙasar, akwai littattafan iyalai da mutane suka rubuta da kansu suka kawo, akwai jerin maƙabartu da rajistar coci-coci, ga kuma PERSI, wato fihirisar mujallun tarihin garuruwa da na zuri'a wadda ma'aikatan nan suka fara haɗawa a 1986, duk mai wannan sana'a a ko'ina yake ya san ta. Shiga kyauta ne, kantoci a buɗe suke kai da kanka za ka ɗauko abin da kake so, kuma in kana ciki Ancestry da Fold3, shafukan intanet na neman tsofaffin takardu, duk kyauta za ka buɗe su a kwamfutocinsu.

To shi ne wasu ke ce min tunda kyauta ne me kake sayarwa. Ido nake sayarwa da haƙuri, kuma ba a nan na same su ba. Kakata ta wajen uwa a cikin birnin Zariya, Allah ya jiƙanta, in ta zauna bayan isha'i tana tsinkar zogale sai ta fara jero mana wane ya haifi wane, wance aka kai gidan wane, har kaka bakwai ba ta tuntuɓe, in na yi kuskure wajen maimaitawa ta ce "a'a ɗan nan, wannan ai ɗan turaka ne ba shaƙiƙi ba, koma baya." A wajenta na fara sanin cewa suna ɗaya yana iya zama na mutum uku a gida ɗaya. Daga baya da nake karatun tarihi a ABU na riƙa zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ina neman fayilolin Zarprof, wato na lardin Zazzau, musamman rahotannin da Turawan mulki suka rubuta na kimanta haraji da jangali gunduma gunduma. Akwai wani dattijo ma'aikaci a wurin, Baba muke ce masa, ranar nan ya leƙa littafina ya ga na kwafi magana ban rubuta lambar fayil ba, ya rufe littafin ya ce "yaro, maganar da ba ta da lamba ai hira ce, tashi ka sake." Na ji haushi ranar, yau kuwa duk sunan da ya shiga littafin da muke ba kwastoma akwai rubutu a ƙasansa da ke nuna daga wace takarda aka samo shi, shafi na nawa, layi na nawa.

Bari in ba ku misali da aikin wata dattijuwa da muka gama mata kwanakin baya. Ta zo da hoto guda ɗaya da takardar jana'izar mahaifinta, ta ce ita dai ta san ya yi aiki a kamfanin motoci na International Harvester nan garin kafin a rufe shi a 1983, kuma daga Alabama suka taso, irin hijirar nan da baƙaƙe wajen miliyan shida suka yi daga kudu zuwa arewa da yamma tsakanin 1910 da 1970. Na ce Mama zauna ki faɗa min duk abin da kika taɓa ji ko da kina ganin shirme ne, muka kwashe awa biyu ina rubutawa. Daga nan na faɗa kundin adireshin gari, wanda a ganina duk laburaren nan babu abin da ya kai shi daɗin aiki, littafi ne da ake bugawa kusan duk shekara da sunan magidanci da sana'arsa da lambar gidansa, takardarsa siririya rubutun ƙanana sai da gilashin ƙara girma. Kana bi shekara shekara za ka ga mutum ya shigo gari yana lebura yana haya, can ka ga ya canza titi, can sunan mace ya bayyana a gefen nasa ka san an yi aure, wata shekara kuma ka ga sunan matar ita kaɗai da 'yar alamar wid, wato wadda mijinta ya mutu, a gabansa, ka san mai gida ya rasu, sai ka tafi maikurofim na jaridar Journal Gazette ko News-Sentinel ka nemo sanarwar rasuwar, a nan ne ake jero 'yan uwa da garin da aka haifi mamaci.

Sai ƙidayar jama'a. A Amurka duk shekara 10 ake yi, kuma ba a sakin sunaye sai bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 sai a watan Afrilun 2022 ta fito. Muka same su a 1950 da 1940 da 1930 har 1900, ita ta 1900 ina ƙaunarta don tana faɗin wata da shekarar haihuwa, da shekarun aure, da yawan 'ya'yan da mace ta haifa da nawa ne ke raye. Kakar Maman nan an rubuta ta haifi tara, huɗu ne a raye, da na nuna mata layin ta daɗe ba ta ce komai ba. Ta 1890 kuwa babu ita, gobara ta lalata kusan dukkanta a Washinton a 1921, to wannan giɓin na shekara 20 nan ne ake gane wanda ya iya aiki, don yarinyar da aka haifa a 1881 kafin 1900 ta yi aure ta canza suna, ba za ka taɓa ganin ta a gidan ubanta ba. Dole ka kewaya ta rajistar aure ta gunduma, ko katin rajistar shiga soja na 1917 da 1918, ko takardar neman lambar Soshal Sikiyuriti, wato ta fanshon gwamnati, da mutum ya cike da hannunsa ya rubuta sunan uwa da uba.

A daidai nan 'yan kwaikwayo suke ɓata mana sana'a wallahi. Mutum ya buɗe shafi ya ce zai haɗa maka zuri'arka cikin kwana uku, abin da yake yi kawai ya kwafo bishiyar da wani ya ɗora a intanet, shi ma wancan daga wani ya kwafa, ka ga uwa ta haifi ɗa tana da shekara shida, ko mutum ya mutu a Jojiya kuma bayan shekara goma yana aure a Ohayo. Sau nawa ana kawo min irin wannan in gyara, kuma gyaran ya fi farawa daga tushe wahala, don sai ka fara raba mutum da kakan da ya riga ya sa hotonsa a falo. Suna iri ɗaya ba hujja ba ne. Mai ƙidaya abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, wani lokacin ma maƙwabci ne ya ba shi bayani, shekaru su yi ta tsalle, suna ya zo da harafi daban, shi ya sa aka ƙirƙiro Soundex da ke haɗa sunaye ta sauti, Smith da Smyth duk S530 ne. Ni ba na ɗaura mutum da uba sai takardu biyu ko uku da ba su san da juna ba sun yarda.

Katangar gaske tana 1870. Ita ce ƙidaya ta farko da aka rubuta waɗanda aka 'yanta daga bauta da sunayensu, kafin nan a 1850 da 1860 jadawalin bayi daban ne, sunan ubangida kawai, a ƙasansa shekaru da jinsi da launin fata, galibi babu suna ko ɗaya. Duk shekarun da na yi ina wannan aiki har yau in na buɗe wannan jadawalin sai jikina ya yi sanyi. Don ka tsallake sai ka gano wane ne ubangidan, kuma ba kowa ne ya ɗauki sunan ubangidansa na ƙarshe ba kamar yadda mutane ke zato. Muna duba takardun hukumar kula da 'yantattun bayi da ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, da kwantiragin ƙwadago, da rajistar bankin 'yantattu wanda ya rushe a 1874, ita wannan rajistar har sunan iyaye da 'yan uwa takan kawo. A aikin Maman nan wata uku na yi ina bin maƙwabtan 1870 gida gida, har Allah ya sa na dace da takardar rabon gado ta wani mai gonar auduga a wata gunduma ta Alabama, rubutun hannu ne mai kwance tawada ta koɗe, an jero alfadarai da garma da tukwane, a cikin jerin ga wata mace da 'ya'yanta uku kowa da farashinsa a gefe, sunayen yaran da tazarar shekarunsu daidai da na gidan da muka samu a 1870. Na buga mata waya na ce Mama ki zo da 'yarki, kada ki zo ke kaɗai.

Irin wannan aikin ne wani zai zo yana taya shi kamar tumatir a kasuwar Sabon Gari, wai ai komai yana intanet. Ba komai ne ke intanet ba, takardu da yawa na kotunan gundumomi ko an ɗauki hotonsu babu fihirisa, sai ka bi shafi ɗari huɗu da ido. Kuma abin mamaki 'yan uwanmu na gida da ke nan sun fi kowa ciniki, mutum ya ce haba Malam ai mu ɗaya ne.

Da yake sun ji ni ɗan Najeriya ne, da yawa suna zuwa da sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, wai an ce musu su Hausawa ne ko Fulani, in nemo musu garinsu. Ina karɓarsu hannu bibbiyu, in koya musu sannu da ina kwana, amma ina faɗa musu gaskiya takarda ba za ta kai su Kano ko Katsina ba. Amurka ta haramta shigo da bayi daga 1808, Hausawan da aka tsallakar da su teku da yawa kuwa a farkon ƙarni na 19 ne, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, kuma akasarinsu Bahiya ta ƙasar Burazil aka kai su. 'Yan kwaikwayon nan sai su buga wa mutum satifiket mai ado har da sunan sarauta, ni ba zan sa hannuna a abin da ba ni da lambarsa ba.

Wanda yake son mu yi masa aiki, ko daga wace jiha yake, ya fara da tsofaffin gidansu tun suna raye, ya kunna rikoda a waya ya bar su su yi ta magana. Ya tattaro takardun jana'iza da Baibul ɗin gida in akwai, don a shafukan farko ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, hotuna kuma a duba bayansu kafin a cire daga firem. In kakanninsa a nan Indiyana suka zauna aikin ya fi sauƙi, gundumomi sun fara rajistar haihuwa da mutuwa a 1882, jiha ta karɓi ta mutuwa a 1900 ta haihuwa a 1907. Littafin da muke bayarwa da takarda marar asid muke buga shi don kada ya yi ja, da kwafin kowace takarda da taswirar gundumar, kuma in mai shi ya yarda mukan kai kwafi ɗaya laburaren a ajiye a kanta, na Maman nan ma ta ce a kai.