Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Watan da Aka Hana Acaɓa

Makon jiya na tsaya a inda aka sa ranar aurena da ɗan Gwaggo, wai da zarar na gama WAEC, kafin azumi. Ina da shekara 17 a lokacin. Babu wanda ya tambaye ni. Alewa kawai na ga ana rabawa maƙwabta.

Shi kuwa wanda nake so acaɓa yake yi. Shi ke kai ni makaranta daga Gwammaja, kuma tun ina aji huɗu ya daina karɓar kuɗina. Wayar da ya saya mini, ƙaramar Nokia, a cikin buhun gero nake ɓoye ta, sai bayan sha biyun dare in fito da ita mu yi kiran dare na kyauta, ina raɗa ƙarƙashin bargo, ƙannena na barci. Ya yi mini alkawarin zai tura kawunsa wajen Baba idan ya gama biyan kuɗin babur.

Sai ga Janairun 2013. Aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero hari, bayan 'yan kwanaki gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa. Mutanen gari na ta maganar tsaro, ni kuwa abin da ke raina guda ne: da me kawunsa zai amsa idan Baba ya ce "Mece ce sana'arsa?" Ɗan Gwaggo na da shago a Kantin Kwari. Ko ni na san wanda zai rinjaya.

Daga nan na fara bore. Ɗan Gwaggo ya zo zance, na ce kaina ke ciwo. Ya aiko da toshi, turare da atamfa turmi biyu, na ba ƙanena ya mayar. Umma ta biyo ni har madafa.

"Ke 'yar nan, so kike ki raba mahaifinki da 'yar'uwarsa?"

"Umma, ni ban ce ina so ba."

"Kin ce ba kya so? Da aka faɗa miki ai shiru kika yi."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. A Islamiyya malaminmu ya karantar da mu hadisin cewa ana neman izinin budurwa, kuma shirunta shi ne yardarta. Ashe kunyar da aka raine mu da ita, ta sunkuyar da kai a gaban uba, ita aka lissafa mini a matsayin amincewa. Har yau ina ganin iyaye da yawa sun san wannan sarai, sun fi so ne kada yarinya ta buɗe baki.

Ranar Juma'a na tafi Fagge wajen Kaka, na faɗa mata komai ina kuka. Ta gama dariyarta ta jika da kaka, ta ce kishiya ta girma, sannan ta ɗauki mayafi ta ce in wuce mu je.

Muna shiga layinmu na hango babur ɗin saurayina a ƙofar gida, wani baƙo a kai yana gwada birki. Ƙanena ya tarye mu da gudu.

"Yaya, Baba ya ga wayar. Ya ce ki same shi a zaure."

Sai mako mai zuwa.