Shekara ɗaya a ɗan ƙaramin gidana

Yau shekara ɗaya cif da na tare a gidan nan na tsakiyar birni, murabba'in mita 18 duka-duka, har da banɗaki da wurin girki. Makon farko ko inda zan ajiye akwati ban samu ba.

Bango ne ya cece ni. Na kafa katakai har kusa da silin, gadon kuma na naɗewa ne, da safe in jingine shi fili ya buɗe. Ƙofar banɗaki na mai da ita ta turawa gefe, domin tsohuwar mai faɗin santimita 80 tana cinye rabin murabba'in mita wajen buɗewa. Madubin da na rataya daura da taga ya ƙara haske sosai.

Baƙi ne damuwata har yanzu, wallahi mutum uku suka shigo wuri ya cushe.