Kwanon da ya dawo a rufe

Talata, bayan sallar Isha.

Tun da na dawo daga gidan Kawu, wanda yake fama da ciwon sankara, na kasa tsayar da hankalina wuri ɗaya, domin maganar da Inna, yayarsa, ta jefa wa matarsa Hajiya a tsakar gida tana ta yi mini yawo a kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina tsaye a wurin, amsar tana kan harshena, amma na yi gum.

Ga shi kuwa da farin ciki na fara ranar. Tun ranar Lahadi na raba ƙwayoyin makurofaj na ɓera gida biyu a ɗakin gwaji, wato manyan ƙwayoyin garkuwar jiki da ke haɗiye datti da ƙwayoyin cuta. Kashi ɗaya na bar su yadda suke, kashi ɗaya kuma na tashe su da intaferon gamma, wani furotin da ke zaburar da garkuwar jiki, da ɗan ɓawon bakteriya. Jiya na tsotse ruwan da suka kwana a ciki, na zuba shi a kan ƙwayoyin sankara da ke cikin farantin roba mai ramuka 96. Yau da safe da na leƙa ta madubin ƙara girma, sai na ga waɗanda suka sha ruwan makurofaj masu barci suna nan shimfiɗe, manne da gindin faranti, har sun fara cunkushewa saboda yawa. Waɗanda suka sha ruwan masu farke kuwa sun dunƙule, sun saki gindin, suna shawagi kamar dussa a kan ruwa. Babu makurofaj ko ɗaya da ya taɓa su. Abin da ya fito daga jikinsu ne kawai ya yi aikin. Da na ɗiga sinadarin gwaji a ragowar ruwan, sai ya rine ya koma ruwan hoda, alamar cewa sun fitar da naitirik oksaid. Wannan iskar ba ta daɗewa, sai ƙwayar da ke dab da ita take lalata wa numfashi, saboda haka a farantina zargina ya fi karkata ga furotin ɗin da ake kira TNF, wanda yake sauka a kan wata mahaɗa a fatar ƙwayar sankara ya kunna mata hanyar kashe kanta.

Ƙwayoyin T masu kisa da 'yan uwansu NK, wasu rukunonin ƙwayoyin garkuwar jiki, ba haka suke yi ba. Su sai sun manne da abokin gaba tukuna, sannan su fesa masa furotin ɗin faforin da ke huda fata, wani furotin mai suna giranzaim ya bi ta hujin ya tarwatsa shi daga ciki. Na ɗauki hotuna, na tura wa Malam, na hau trotro, wato motar haya, zuwa gidan Kawu a unguwar Aboabo ina jin kamar an yi mini kyauta.

Kawu ya ƙara ramewa daga makon jiya zuwa yau. Zoben azurfarsa da a da sai da sabulu yake fita, yanzu Hajiya ta naɗa masa zare domin kada ya zame, kuma hular da yake sawa ta sauko har kan kunnuwansa. An kai masa tuwon zafi da miyar ayoyo, abincin da yake cewa ko a mafarki ba ya ƙinsa, ya yi loma biyu ya ture. Kwanon ya dawo tsakar gida a rufe. Inna ta buɗe, ta duba, ta mayar da murfin da ƙarfi, sannan ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, macen da ta san hannunta ba ta barin miji ya koma haka. Ta kuma ciro wata kwalba da ta sayo a kasuwar Kejetia ta Kumasi, wai maganin ƙara ƙarfin garkuwar jiki ne, ta ce tunda an kasa ciyar da shi, a riƙa ba shi wannan safe da yamma.

Hajiya ba ta ce uffan ba, ta ɗauki kwanon ta shiga madafi. Sai da na zo tafiya ta rako ni har zaure, ta kama hannuna ta ce, “'Yata, ke da kike karatun nan, gaya mini tsakaninki da Allah, girkina ne?” Na ce, “A'a Hajiya, ciwon ne.” Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba haƙuri kawai, ni kuma na tafi. Kalmomi huɗu ne kacal na iya ba matar da take tashi tun kafin asuba tana dama koko iri biyu, ko ɗaya zai shiga.

Abin da ya kamata in faɗa mata yana da alaƙa da farantin da na yi ta murna a kansa da safe. A shekarar 1975 ne Lloyd Old da abokan aikinsa a birnin New York suka yi wa ɓeraye allurar BCG, wannan dai ta rigakafin tarin fuka da ta bar mana tabo a damtse tun muna jarirai, daga baya suka ba su dafin bakteriya, sai suka tarar ruwan jininsu yana sa ƙarin sankara, wato kumburin da take yi, ya yi baƙi ya ruɓe a jikin wasu ɓerayen. Su ne suka raɗa wa abin suna TNF. A gefe guda kuma Anthony Cerami ya ga shanu masu ciwon sammore a Kenya suna ramewa fiye da yadda yawan ƙwayar cutar da ke jininsu zai iya jawowa, sai ya shiga neman abin da jikin dabbar da kansa yake fitarwa da ke cinye ta. A 1985 shi da Bruce Beutler suka nuna cewa abin da yake ramar da jiki da abin da yake ruɓar da ƙari abu ɗaya ne. Shi ne kuma yake da hannu a zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da muke ji idan maleriya ta kama mu.

To idan ciwo ya daɗe, garkuwar jiki tana ta zubo TNF da ire-irensa irin su intalukin 6 cikin jini ba tsayawa, sai su kai ga sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da yunwa su kashe sha'awar abinci, su sa tsoka ta riƙa narkewa, kitse ya riƙa ƙonewa, ko da mutum yana kwance bai ɗaga tsinke ba. Ƙarin sankarar ma yana fitar da nasa sinadaran da ke ƙara rura wutar. Shi ya sa irin wannan ramar ba ta jin abinci kamar ramar yunwa. Ana iya rage ta, ana iya tallafa wa mai ita da ƙananan lomomi akai-akai da shawarar likita, amma ba a mayar da ita da cika kwano, ko wace ce ta yi girkin.

Kwalbar Inna ma ta tsaya mini a wuya. Ba na ganin laifinta, domin wanda ƙaninsa yake narkewa a gabansa zai sayi duk abin da aka miƙo masa. Sai dai kalmar “ƙara ƙarfi” ita ce take ruɗar mutane. Lokacin da aka samu TNF tsantsa aka fara gwada shi a jikin masu sankara cikin shekarun 1980, zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar hawan jini suka riƙa kama su tun kafin a kai adadin da zai taɓa ƙarin. Inda ya samu gurbi daga baya shi ne inda likitoci suke ware jinin hannu ko ƙafa daga sauran jiki, su zagaya da maganin a wannan gaɓar kaɗai. Haka BCG take aiki a sankarar mafitsara tun gwajin Alvaro Morales a Kanada a 1976: a cikin mafitsarar ake zuba ta, ta tashi garkuwar jiki daidai wurin da ake bukata. Wani abin baƙin cikin kuma shi ne ƙari yakan rinjayi makurofaj da ke kewaye da shi, ya sa su daina fitar da abin kisa, su koma taimaka masa wajen janyo sababbin jijiyoyin jini. A farantina ni ce nake zaɓar wanda zan tasa da wanda zan zuba wa ruwan. A jikin Kawu babu mai wannan ikon a hannunsa, balle a ce yana cikin kwalbar da ko sunan abin da ke cikinta ba a rubuta ba.

A trotro na dawowa na yi tunanin cewa Kawu ne zai fi kowa gane labarin sammore, tunda ya yi shekaru yana dillancin shanu, kuma na sha jin yana cewa saniya mai sammore ko a tsakiyar ciyawa take sai ta rame. Har na fara tsara yadda zan ja shi da hira ya faɗi haka a gaban Inna, sai gabana ya faɗi, domin ya san yadda irin wannan saniyar take ƙarewa, kuma ba zan so ya ji ina kwatanta shi da ita ba.

Saboda haka gidan Inna zan fara biyawa gobe kafin in wuce aiki, ita kaɗai, bayan ta idar da lazimi. Har yanzu ban samo yadda zan fara maganar ba tare da ta ji kamar yarinyar da ta goya ce take yi mata gyara ba. Kwalbar tana cikin jakata; na ce da Hajiya zan nuna wa likitansa ranar Alhamis kafin a ba shi ko cokali ɗaya.